Tarihin Jack Northrop, Maƙerin Jirgi Marar Wutsiya

Ina so in ɗan ba ku tarihin wani Bature mutumin Amurka, sunansa John Knudsen Northrop, amma an fi saninsa da Jack Northrop. Sana'arsa ƙirar jiragen sama. Tun yana saurayi ya ƙulla abu guda a ransa, watau ya yi jirgin da ba shi da wutsiya, ba shi da gangar jiki, fiffike ne zalla. Ya kuwa yi shi, har ya tashi. Amma abin ya ci dukiya, ya ci rayuka, daga bisani aka sassare jiragen aka narkar da ƙarfensu, shi kuma ya bar sana'ar da baƙin ciki tun ƙarfinsa bai ƙare ba.

Kafin mai karatu ya gane girman abin da mutumin nan ya tasam ma, sai ya fara sanin amfanin wutsiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauta a Gusau ko Tsafe ya ɗaga kai, zai ga shirwa tana shawagi, fukafukanta a miƙe ba ta ko kaɗa su, amma wutsiyarta ba ta hutawa, tana murɗa ta nan, tana murɗa ta can. Mutanen da ma sun lura da haka. Malaman tarihi sun kawo labarin Abbas ɗan Firnas, wani masani na birnin Kurɗuba a Andalus wanda ya rasu a 887. An ce ya yi wa kansa fukafukai ya tashi, amma wajen sauka ya ji ciwo a baya, aka ɗora laifin a kan cewa bai yi wa kansa wutsiya ba. Har yau kuma jiragen da ke kwasar alhazanmu daga Sakkwato ko Kano duk ƙirarsu ɗaya ce: doguwar ganga, fukafukai biyu, da wutsiya can baya.

An haifi Northrop ran 10 ga Nuwamba, 1895, a garin Newark. Yana ɗan yaro iyayensa suka ƙaura, har suka zauna a Santa Barbara, wani gari na bakin teku a jihar Kalifoniya. Nan ya gama makarantar sakandare a 1913, kuma daga nan karatunsa na aji ya tsaya, bai taɓa shiga jami'a ba. Ya yi aikin makanikanci a gareji, ya yi aikin zanen gidaje, ya taya mahaifinsa aikin gini. A 1916 sai ya sami shiga wajen waɗansu 'yan'uwa biyu, Allan da Malcolm Loughead, waɗanda suke harhaɗa jirage a wani ɗan shago a garin. Su suna da hannu, shi kuwa yana da lissafi, don haka shi ne mai auna yawan nauyin da kowane katako zai iya ɗauka. Da kasuwa ta mutu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, shagon ya rufe.

A 1923 ya koma kamfanin Douglas, inda ya zana tankunan man jiragen nan da suka fara kewaya duniya a 1924. Bayan 'yan shekaru ya sake haɗuwa da Allan Loughead, suka kafa kamfanin Lockheed, wanda sunan Loughead ne aka rubuta yadda ake faɗarsa. A nan ya zana jirgin da ya fara fito da sunansa, mai suna Vega, wanda ya tashi ran 4 ga Yuli, 1927. A zamanin nan galibin jirage fukafukansu hawa biyu ne, an ɗaɗɗaure su da sanduna da wayoyi kamar rumfar kasuwa. Vega kuwa sumul take, fiffike ɗaya, babu sanda, babu waya. Da irinta ce Amelia Earhart ta ƙetare Tekun Atlantika ita kaɗai a 1932. Bayan haka ya ƙirƙiro wata hanyar yin fiffike da ƙarfe, a rarraba cikinsa ɗaki ɗaki yadda fatar waje ma za ta ɗauki nauyi. Kamfanin Douglas ya yi amfani da dabarar nan a jirgin DC-3, wanda ake kira Dakota, irin wanda Nigeria Airways ya yi ta jigilar mutane da shi cikin ƙasar nan wajen lokacin samun mulkin kai.

Da wani ne, da sai ya zauna ya ci moriyar sunan da ya yi. Shi kuwa hankalinsa yana wani wuri. Ga yadda yake tunani. Fiffike ne kaɗai yake ɗaga jirgi. Ganga da wutsiya nauyi ne, kuma iska tana gogarsu tana ja da jirgin baya, sai inji ya sha mai domin ya rinjayi wannan ja. To, in aka kumbura fiffiken har mutane da kaya da inji da mai duk suka shige cikinsa, an huta da ganga. In aka sami dabarar da fiffiken zai tsare kansa, an huta da wutsiya. Sai jirgi ya yi nisa da ɗan mai kaɗan. Akwai kuma wata riba. A jirgi na yau da kullum nauyi yana tsakiya, ɗagawa kuwa tana gefe da gefe, saboda haka tilas a ƙarfafa gindin fiffike da ƙarfe mai yawa don kada ya karye. In an baza kayan cikin tsawon fiffiken, nauyi yana zaune daidai inda ake ɗaga shi.

A 1929 ya gwada na farko, amma bai yi ƙarfin halin cire wutsiyar duka ba, ya bar wata 'yar ƙarama a kan sanduna biyu. Sai da ya kafa kamfanin kansa a garin Hawthorne a 1939, babu mai ce masa yi ko bari, sa'an nan ya yi abin da yake so. Ɗan jirgin, mai suna N-1M, an shafa masa rawayan fenti, faɗinsa wajen ƙafa 38, ya tashi ran 3 ga Yuli, 1940. Injinansa na farko ba su da ƙarfi, da ƙyar yake rabuwa da ƙasa, sai da aka canja su. Ba shi kaɗai yake wannan nema ba. A Ingila wani John Dunne ya tashi jirgi marar wutsiya tun 1910, a Jamus kuma waɗansu 'yan'uwa, Reimar da Walter Horten, suna ta nasu tun 1933.

Yanzu bari in yi bayanin yadda abin yake aiki, don a nan ne wuyar take. Wutsiyar jirgi kashi biyu ce, akwai ta kwance, akwai ta tsaye. Fiffike irin wanda aka saba, in an bar shi shi kaɗai cikin iska, kifewa yake son yi, hanci ƙasa. Wutsiyar kwance ita ke danna bayan jirgi kaɗan don hancin ya tsaya daidai. In kuma guguwa ta ɗaga hancin, sai iska ta bugi wutsiyar ta ƙasa, ta tura bayan sama, jirgi ya koma yadda yake ba tare da matuƙi ya taɓa kome ba. Abin da ya sa 'yar ƙaramar aba take iya juya ƙaton jirgi shi ne nisanta. Ku gwada tura ƙofar aji daga bakinta, ku sake turawa daga kusa da inda aka kafe ta, za ku ji bambancin. Wutsiyar tsaye kuwa aikinta irin na kibiyar nan ce da ake kafawa a makarantu don nuna inda iska take fitowa: faffaɗan bayanta shi ke sa tsininta ya fuskanci iska kullum.

To, Northrop ya cire duka biyun, me zai maye gurbinsu? Sai ya karkatar da fukafukan suka koma baya, jirgin ya yi siffar baƙin V in an hange shi daga ƙasa. Da haka ƙarshen fukafukan suka koma bayan wurin da nauyin jirgi ya taru. Sa'an nan ya ɗan murɗe su, yadda can ƙarshe ba sa ɗagawa sosai kamar tsakiya, wani lokaci ma dannawa suke yi. Ashe ke nan aikin wutsiya bai tafi ko'ina ba, an dai raba shi biyu an ɓoye a ƙarshen fukafukai. A gefen baya na kowane fiffike kuma akwai dogon allo mai ɗagawa da sauka kamar murfin akwati. In matuƙi ya ɗaga na dama da na hagu tare, hanci ya yi sama. In ya sauke su tare, hanci ya yi ƙasa. In ya ɗaga ɗaya ya sauke ɗaya, jirgi ya kishingiɗa gefe guda ya sha kwana. Watau allo guda yana aiki biyu, wanda a sauran jirage an raba wa fiffike da wutsiya.

Dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta juya hanci dama ko hagu. A can ƙarshen kowane fiffike ya sa alluna biyu a haɗe, masu buɗewa sama da ƙasa kamar bakin kada. In an buɗe na dama, iska ta riƙe wannan gefen, na hagu ya wuce gaba, hanci ya juya dama. Kamar mai tura baro ne ƙafa ɗaya ta maƙale a yashi. In an buɗe duka biyun, sun zama birki.

Duk wannan yana aiki, amma akwai cikas. Daga tsakiyar jirgin zuwa allunan nan babu nisa, watau ana tura ƙofa ne daga kusa da makafarta. Saboda haka in kaya suka ɗan gusa baya, ko mai ya ragu a wani tanki, sai jirgin ya yi wuyar riƙewa. Kuma da yake babu wutsiyar tsaye, hancinsa yakan yi ta lilo dama da hagu, ya daɗe bai natsu ba.

Yaƙin Hitila ne ya buɗe wa Northrop ƙofa. A 1941 Amurka ta ji tsoron kada Jamus ta ci Ingila, ya zamana ba ta da filin da jiragenta za su tashi kusa da Turai. Sai sojoji suka nemi jirgin da zai ɗauki bom mai nauyin laba 10,000 ya yi tafiyar mil 10,000. Aka ba kamfani biyu kwangila: Consolidated, wanda daga baya ya zama Convair, ya yi B-36 mai ganga da wutsiya, Northrop kuma ya yi B-35, fiffike zalla. Faɗinsa ƙafa 172, watau mita 52, kimanin rabin tsawon filin ƙwallo. Kaurinsa a tsakiya ya kai ƙafa 7, mutum yana iya tsayawa ciki. Don a koyi halinsa aka fara yin ƙananan samfura, kashi ɗaya cikin uku na girmansa, ɗaya ya faɗi a watan Mayu 1943 ya kashe matuƙinsa, Max Constant. Kamfanin kuma ƙarami ne, ga shi yana fama da ƙera wani jirgin yaƙin dare mai suna P-61 wanda ake bukata da gaggawa. Aiki ya yi ta jan ƙafa, har yaƙi ya ƙare babban jirgin bai tashi ba. Sai ran 25 ga Yuni, 1946 ya tashi daga Hawthorne ya sauka a filin soja na Muroc da ke cikin hamada.

Da ya tashi kuma sai matsala ta ɓullo ta inda ba a zata ba. Fiffiken lafiya lau, amma farfeloli da giyoyin da ke juya su suna ta lalacewa. Ga shi kuma zamanin farfela yana wucewa. Sai aka ɗauki biyu daga cikin jiragen aka sa musu injin jet takwas takwas, aka kira su YB-49, na farko ya tashi ran 21 ga Oktoba, 1947. Gudu ya ƙaru ƙwarai, amma injin jet na wancan lokaci mashayin mai ne, sai nisan da aka yi jirgin dominsa ya ragu da yawa. Har ila yau, ashe farfelolin nan da ke baya suna ɗan yin aikin wutsiyar tsaye. Da aka cire su lilo ya ƙaru, tilas aka kakkafa waɗansu ƙananan wutsiyoyi huɗu a kan fiffiken.

Ran 5 ga Yuni, 1948, YB-49 na biyu ya tashi daga Muroc don gwaji, ɗauke da mutum biyar. Ƙarshen fukafukansa suka ɓalle a sama, ya faɗo cikin hamada, babu wanda ya tsira. Cikinsu akwai Manjo Daniel Forbes da Kyaftin Glen Edwards. A 1949 aka sauya wa filin Muroc suna ya koma Edwards, sunan da yake amsawa har yau.

Duk da haka jirgin da ya rage ya nuna bajinta. A watan Fabrairu 1949 ya ratsa Amurka daga Muroc zuwa kusa da birnin Washinton cikin awa huɗu da 'yan mintoci, Shugaba Truman da kansa ya zo ya duba shi. Kamfanin har ya gina samfurin ɗakin fasinja na mutum 80 a cikin fiffike, da tagogi a gaba. Amma matuƙan soja da suka gwada jefa bom da shi sun kawo ƙara cewa lilon hancinsa yana sa a daɗe kafin a saita, kuma ramukan bom ɗinsa ba su isa su ɗauki bom ɗin nukiliya na lokacin ba. Aka soke odar da aka bayar, aka zaɓi B-36. Zuwa ƙarshen 1949 umarni ya zo a farfasa sauran jiragen da ke jere a harabar kamfanin, waɗansu ma ba su taɓa tashi ba. Wanda ya je Washinton ya ƙone a ƙasa wajen gwaji a watan Maris 1950, na ƙarshe kuma aka sassare shi a 1953.

Me ya kashe aikin? Har yau ana gardama. A 1979 Northrop ya gaya wa wani ɗan jarida cewa Stuart Symington, wanda yake Sakataren Mayaƙan Sama a lokacin, ya matsa masa ya haɗe kamfaninsa da Convair, da ya ƙi sai aka hukunta shi. Symington ya musanta. Abin da ya raunana maganar Northrop shi ne, a 1949 an tambaye shi wannan batu a gaban majalisa ya ce babu matsi, daga baya ya ce tsoro ne ya sa shi faɗin haka. Ni a ganina, ko an yi matsin ko ba a yi ba, sojojin suna da hujja. Jirgin da ba ya tsayawa cik a saita, ba ya ɗaukar makamin da ake so, ya kuma ci mutum biyar a rana ɗaya, da wuya a zargi wanda ya ƙi sayensa. Inda suka yi rashin kyautawa shi ne hana a ajiye ko guda ɗaya don masu zuwa su gani.

A 1952, yana da shekara 57, Northrop ya ajiye aiki ya fita daga kamfanin da ke ɗauke da sunansa. Ya shiga harkar filaye da gidaje, bai ci nasara ba, yawancin dukiyarsa ta tafi. Shekara da shekaru ba a cika jin ɗuriyarsa ba.

Cikin waɗannan shekaru abu biyu suka canja. Na farko, kwamfuta ta ƙanƙance har ana iya sa ta cikin jirgi. Maimakon sandar matuƙi ta ja alluna kai tsaye, sai ta aika wa kwamfuta abin da yake so, ita kuma ta riƙa auna iska da motsin jirgi, tana gyara allunan sau da yawa cikin kowace daƙiƙa. Lilon da ya gagari hannun mutum sai ta kashe shi tun bai fara ba. Na biyu shi ne na'urar rada, wadda ke hango jirgi daga nesa. Aikinta kamar amsa-kuwwa ne. In ka yi ihu a gindin dutsen Kwatarkwashi muryarka za ta dawo maka, in ka yi a fili fetal ba za ta dawo ba. Ganga da wutsiyar tsaye su ne bangon da ke mayar wa rada da kiranta, fiffike zalla kuwa shafaffe ne, kaɗan yake mayarwa. Da sojoji suka nemi jirgin da rada ba za ta gani da sauƙi ba, injiniyoyin kamfanin Northrop suka yi lissafinsu, sai ga su sun dawo kan siffar da tsohon ya bari.

A watan Afrilu 1980 aka nemi izini na musamman, don aikin asiri ne, aka kawo shi ofishin kamfanin. Yana da shekara 84, ciwo ya ci ƙarfinsa, yana kan keken marasa lafiya, magana ma ta gagare shi. Aka miƙa masa ɗan samfurin sabon jirgin. Waɗanda suke wurin sun ba da labari cewa ya riƙe shi hannunsa yana rawa, ya nuna musu cewa yanzu ya gane dalilin da Allah ya bar shi da rai shekara 25 ɗin nan. Ya mutu ran 18 ga Fabrairu, 1981, bai ga jirgin da idonsa ba.

Jirgin, mai suna B-2, ya fara tashi ran 17 ga Yuli, 1989, faɗinsa ƙafa 172, daidai da na B-35. Guda 21 kaɗai aka ƙera, in an haɗa da kuɗin bincike kowanne ya tashi wajen dala biliyan 2. Yadda ya dogara ga kwamfuta ya fito fili a watan Fabrairu 2008 a tsibirin Guwam. Laima ta shiga ma'aunan iska na wani daga cikinsu, suka ba kwamfuta labarin ƙarya, ta ɗaga hancin fiye da kima wajen tashi, jirgin ya faɗi ya ƙone, matuƙan biyu suka tsira da laimar sauka. Kada kuma mu manta kayan yaƙi ne. Har nan nahiyarmu ya zo, don ya jefa bom a Libiya a 2011 da kuma 2017, daga Amurka ya taso, can kuma ya koma. Magajinsa B-21, shi ma fiffike zalla, ya fara tashi a watan Nuwamba 2023.

Jirgin fasinjan da Northrop ya yi mafarki kuwa bai samu ba. Doguwar ganga ta fi sauƙin riƙe iskar numfashi can sama, ta fi sauƙin sa tagogi da ƙofofin gudu, kuma wanda aka zaunar can gefen fiffike zai sha wuya duk sa'ad da jirgi ya kishingiɗa zai sha kwana. Daga cikin manyan jiragen nan nasa na ƙafa 172 ko ɗaya bai rage ba. Ɗan ƙaramin rawayan nan N-1M na 1940 ne aka gyara, yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian, kusa da birnin Washinton.